Kwarkwata a Akwatin Kifin Dona Eulália

Litinin, 3 ga Agusta, 1863

Shekara ta zagayo tun da Dona Eulália, uwargijiyata, ta sayar da 'yata Altine ga masu gonakin gahawa na kudu. Ko a jikinta. Tun hantsi tana zaune gaban akwatin gilashin nan da aka kawo mata daga Ingila, tana yi wa jajayen kifayenta biyar hira kamar jikokinta. "Bento, ruwan ya yi duhu." Bento! Na yi furfura a gidan nan, har yau bakinta bai iya cewa Yahaya ba.

Ni ke ɗebo ruwan, ni ke goge gilashin, ni ke marmasa musu burodi. Ita nata kallo. In na taɓa ta, rataya ce. Amma abin da take so a duniya yana hannuna.

Alhamis, 6 ga Agusta

Na je tafkin Dique, wajen da mata ke wanki. Na sami abin da na je nema: mataccen kifi a bakin ruwa, jikinsa duk kwarkwata. Faffaɗa ce, ba ta fi ƙwayar riɗi ba, sai ka ƙura ido za ka gan ta tana motsi. Tun ina yaro a Kabi na san ta, a cikin komar babana. Na kakkaɓe su cikin ciyawar ruwa, na haɗa da tsakuwa, na zuba a gora.

Na ce mata ado na kawo wa akwatin. Har da tafi. "Kai, Bento, ashe kana da ido!"

Ina da shi, tsohuwa. Za ki gani.

Juma'a, 14 ga Agusta

Shiru. Sai leƙe nake kamar mai jiran haihuwa.

Laraba, 19 ga Agusta

Sun fara! Suna goga jiki da tsakuwa, suna zabura kamar an tsikare su. Babban kifin ya yi jan tabo a gindin wutsiya, ya daina cin abinci. Na ci tuwon rogo yau har da ƙari.

Juma'a, 21 ga Agusta

Na gangara Comércio, unguwar fatake ta bakin teku, na iske Mahmudu ɗan dako yana hutawa a bakin sito. Jirgin bayi ɗaya ya kawo mu ƙasar nan, ba na ɓoye masa komai. Na faɗa masa abin da na yi wa kifin. Na ɗauka zai yi dariya. Ina! Sai ya ce, "Haba, Bakabe! Haushin kaza huce kan dami. Kifi ne ya sayar da Altine?"

Na ce ai shi ba a sayar masa da kowa ba, shi ya sa. Ƙarya na yi, kuma ya san na sani. Ya ɗora gammo, ya ɗauki buhunsa, ya hau tudu bai waiwayo ba. Ya je can da wa'azinsa.

Lahadi, 23 ga Agusta

Babban ya mutu. Na bar shi yana yawo ciki sama don ta dawo daga coci ta gani da idonta. Na laɓe bakin ƙofa ina jira. Ta duba, ta yatsine fuska: "Fitar da shi, zai yi wari." Sai ta tambayi abin da aka dafa.

Firgita ce, in ji ni. Kukan na tafe.

Talata, 25 ga Agusta

Biyu kuma. Ba kuka.

Laraba, 26 ga Agusta

Dole in rubuta wannan.

Da safe ta tsaya gaban akwatin, ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta. "Bento, waɗannan sun lalace. Zuba ragowar a kwata. Na aika a kawo mini wasu, masu dogon wutsiya nake so wannan karon." Wallahi da wannan muryar ta ce a nemo mata wata mai guga, ranar da aka gangara da Altine bakin jirgi. Ko tashi muryar ba ta yi ba.

Ashe ba son su take ba. Ba ta taɓa son komai ba, matar nan. Ni kuwa wawa, na zauna ina haƙa rijiya a kan dutse.

Da na sa hannu zan kwashe su, sai ƙaramin, mai baƙin ɗigo a ka, ya taho wurin yatsuna kamar yadda yake yi kowace safiya. Jikinsa duk kwarkwatar da na kawo, yana ta buɗe baki, a zatonsa burodi ne. Na zage ta, na zagi uban da ya haife ta, na zagi kaina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Alhamis, 27 ga Agusta

Kifi na huɗu ya cika kafin in sauko da su daga bene. Ƙaramin yana ɗakina na ƙarƙashin matakala, cikin tukunyar ƙasa da ruwan sama.

Na kwantar da shi a jiƙaƙƙen tsumma a bakin ƙofa, inda hasken rana ke shigowa, don idon nan nawa ya soma gajiya. Da matsefata na riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Ga naci, 'yan banza, kana kamawa suna zillewa. Duk wadda na ciro sai in murtsuke ta a farce in kira sunan Eulália. Daga nan na tsoma shi a ƙwaryar ruwan gishiri, da ya soma karkata na mai da shi tukunya.

Asabar, 29 ga Agusta

Bai ci ba. Yana kwance a gindin tukunya, yana numfashi da ƙyar.

Talata, 1 ga Satumba

Wasu ƙanana sun sake fitowa masa, shegu. Na cire, na sauya tukunya, tsohuwar tukunyar na ƙona ta da tafasasshen ruwa, don a jikin bango suke manna ƙwai.

Mahmudu ya zo, ya ajiye ƙullin gishiri a kan tabarma. "Na ji ana jinya," in ji shi. Bai tayar da maganar rannan ba, ni ma kunya ta hana ni. Na ce masa na ɗauke kifin ne kawai don kada a ce umarninta na bi. Ya leƙa tukunya, ya daɗe, ya ce, "To."

Juma'a, 11 ga Satumba

Ya ci. Tun shekaranjiya yake ci, tabon ma ya soma rufewa. Mayunwaci, har yatsa yake cizo.

Ban yafe mata ba. Allah ya isa tsakanina da Eulália, yau da gobe da ranar tsayuwa.

Sabbin kifayenta za su iso Litinin. Na kwashe ciyawar nan na watsar, na dafa tsakuwar har sau biyu, na dirje gilashin da gishiri lungu-lungu, na shanya shi a rana. Da ta wuce ta gan ni durƙushe, ta ce wane irin wanki ne wannan da ba ya ƙarewa. Na ce aiki ne, uwargijiya.

Ba wanda ya sa ni.