Cocin da Ban Taɓa Gani Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Jaridar intanet ɗin da nake wa rubutu bayan tuƙi ta nemi tarihin wani tsohon coci a Wales, mai ɗaruruwan shekaru. A ɗakina na unguwar Nuzla na harhaɗa shi. Sai edita ya manna hotona, wai wakilinsu ya ziyarta. Kafilina, maigidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya gani, ya ce yaushe na fita daga ƙasar bai sani ba, kuma yaushe direba ya zama ɗan jarida? Ya ƙi sabunta iƙamata, wato takardar izinin zama, halas, shi ke nan. Editan kuwa ya daina ɗaga waya.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. In maganar ta iso kunnen Inna, ka ce mata bana ko unguwar Ruwais da ke nan cikin gari ban leƙa ba.

Ƙaninka,
Habu