Ni Na Ce Musu Wuƙa Ɗaya Ta Isa

Anti, don Allah ki agaza min da shawara kafin Litinin ta sama. Ranar zan ba likita amsa, ga shi na cika shafi goma sha ɗaya a littafin da nake rubuta al'amurana kowace safiya, ban tsayar da magana ba.

Ni tela ce, shekarata arba'in da ɗaya, ina da miji da 'ya'ya mata biyu. Shekara uku ke nan da aka cire min maman hagu saboda sankara. Alhamdu lillahi, gwajin baya-bayan nan ya fito lafiya lau, har ƙiba na ƙara. Ba kuka na kawo miki ba.

Da na warke sai na ɗinka wa kaina abin da zan riƙa sawa a cikin rigar mama. Na farko auduga zalla na cusa masa, ashe rashin nauyi ma matsala ne. Na ɗaga hannu zan kama ƙarfe a cikin bas, sai ya haura ya tsaya min a gindin wuya, wata mata tana ta yi min sannu, ta ɗauka maƙoƙo ne. Na koma gida na rubuta kuskuren. Na biyu na zuba masa duwatsun kwalliyar riga, ina tafiya yana kacau-kacau. Sai a na bakwai na dace: soso a baya, duwatsu a tsakiya naɗe da auduga, ƙyalle mai laushi a waje, da ɗan maɓallin da ke riƙe shi.

Ranar Alhamis ake duba mu a asibiti, muna jere a dogon benci. Nan mata suka ga aikina. Yanzu mutum ashirin da uku na ɗinka wa, awon kowacce yana littafina. Likitar Benci suke ce min. Duk wadda ta zo tana hawaye, ina gwada mata ina cewa ta kwantar da hankalinta, wuƙa ɗaya ta isa. Maganar nan ta zama takenmu, har da ita muke gaisawa.

To Anti, ni da na ƙirƙiro ta, ni nake son wuƙa ta biyu. Na gaji. In na wuni a kan keke wurin ya yi gumi ya yi ƙaiƙayi. In na sunkuya ɗaukar almakashi sai na dafe ƙirji. So nake wata safiya in zura riga in fita kawai.

Likita ya nuna min hanya biyu da za a bi a sake gina min maman. Ta farko, a sa wata jaka a ƙarƙashin fata a riƙa ƙara mata ruwa har fatar ta saki, sannan a musanya ta da ta silikon, wata irin roba mai laushi. Aikin bai da tsawo, amma ya ce fatata ta sha gashin na'ura, ta yi tauri, tana iya ƙin karɓa, kuma wata rana ana iya bukatar sake jakar. Ta biyu, a yanko fata da kitse daga ƙasan cibiyata tare da jijiyoyinsu na jini, a ɗinke su da na ƙirji a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Awanni da yawa ake yi, ga dogon tabo a ciki, ga makonni ban taka keke ba. Amma a matsayina na tela na san faci ya fi zama in daga yadin rigar aka ciro shi. Har na tambaye shi irin zaren da suke amfani da shi, ya yi ta dariya.

Maigida bai taimake ni da komai ba. Ya ce duk wadda na zaɓa ta yi, in kuma kitsen ciki ake nema, nasa ya fi nawa auki.

Abin da ya fi damuna shi ne Malama, wata mai koyarwa daga cikin matan bencin nan da ba ta kai ni shekaru ba. Bara aka yi mata tayin wannan aiki ta ƙi, ta ce Likitar Benci ta riga ta yanke hukunci. Da wane ido zan kalle ta? Na yi tunanin in yi aikin a ɓoye in ci gaba da zama a benci kamar ba komai, tunda a cikin riga ba mai ganewa. Ko in haƙura gaba ɗaya? Ko dai son kai ne ke damuna? Na rubuta tambayar nan sau huɗu.

Likitar Benci

Ƙanwata, barka da samun lafiya. Batun maƙoƙon nan ya sa ni dariya har na ajiye biro.

Ki lura da wasiƙarki: kan aikin, kin riga kin zaɓa. Wadda ta tambayi likita irin zarensa ba haƙura take shirin yi ba. Amma ni ba likita ba ce, don haka ki tafi da littafin nan ranar Litinin. Ki tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aiki, me za a yi in naman bai kama ba, ko wurin zai riƙa jin taɓi, da yaushe za ki koma kan keke. Ki nemi ganin wadda aka yi wa. In amsoshin ba su kwanta miki ba, ki nemi ƙarin lokaci, babu mai korarki. Ki kuma sani sabon ba zai zama sak da na da ba.

Maganarki ta benci ba ƙarya ba ce. Mata da yawa wuƙa ɗaya ta ishe su, suna zaune lafiya da abin da kika ɗinka musu, kuma ba su gaza kowa ba. Kuskurenki ɗaya ne, kuma bai kamata tela ta yi shi ba: kin auna kanki, kin yanka wa mutum ashirin da uku.

Shi ya sa ɓoyewa ba ta taso ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wadda za ta fi cutuwa Malama ce. Wataƙila da gaske ba ta so. Wataƙila kuma tana so, kunyarki ta hana ta, kamar yadda kunyarta ke hana ki yanzu. Ki same ta ita kaɗai kafin Alhamis, ki faɗa mata abin da kika faɗa min, har da gumin da ƙaiƙayin. Kada ki ja ta, kada ki hana ta. Sauran matan kuma ki gaya musu da bakinki, ki tabbatar musu ɗinkinsu ba zai tsaya ba. Kafin ki kwanta asibiti, ki koya wa biyu daga cikinsu sirrin na bakwai ɗin nan.

Maigida kuwa ki bar masa kitsensa, ki miƙa masa tsintsiya da bokiti na mako shida.

Allah Ya sa a yi a sa'a, Ya ba likitanki hannu irin naki.