Kada Seo-bin Ta Haɗa Kaya

Yaya Gwang-su,

Ina gaishe ka, kai da iyali. Yaya gwiwar Inna? Busasshen kifin da ta aiko ya iso, ka yi mata godiya. Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, barci ne dai sai a hankali.

Yaya, ka gaya wa 'yarka Seo-bin kada ta haɗa kaya. Jami'armu za ta rufe sashen nazarin teku kafin Afrilu.

Ka san ni ce shugabar ofishin yaɗa labarai. Ni na tsara tallan sashen, na zo har gida Mokpo na tsaya gaban iyaye na ce su ba mu 'ya'yansu. Saboda maganata Seo-bin ta ƙi gurbin karatun da ta samu a Busan, ta zaɓi namu. Ashe tun bara aka yanke shawarar rufewa. Mataimakin shugaba Kuramoto, mutumin da ya ɗauke ni aiki shekara tara da suka wuce, shi ya sa hannu.

Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana ka gaya mini?"

Ya zuba mini shayi ya ce, "Haba Hye-ran, da kin sani ai tallan ba zai yi kyau haka ba."

Ran Litinin ni za su tura gaban 'yan jarida in rusuna in ba da haƙuri. Zan je, don iyayen ba su yi mini komai ba.

Kada Inna ta ji tukuna. Allah ya ƙara mata lafiya. Seo-bin kuwa, don Allah ka roƙar mini ita, in na kira ta a waya ta ɗaga.

Ƙanwarka,
Hye-ran
Fukuoka