Maman Chidi, Na Kwashe Saƙonninmu da Hannuna

Zuwa ga aminiyata Ngozi, Maman Chidi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na rubuto ne a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya isar miki. Albishirinki.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar da kika saita min manhajar imel a kanta, a shagon ɗinkinki na Sabon Gari, lokacin da na fara aika turaren wuta wasu garuruwa? Ta tsufa, sai tana aiki ta ɗauke. Ranar Asabar na sayo sabuwa, na saka manhajar, na buɗe: wayam. Babu saƙo ko ɗaya, babu adireshin kowa. Tun da kika koma Aba lambarki ta daina shiga, adireshin imel ɗinki kaɗai ya rage min, shi ma ban haddace ba.

Ina zaune na rasa abin yi, sai maganarki ta faɗo min, da irin Hausar nan taki: "Falmata, kayanki suna cikin folda ɗaya. Ranar tashi, ki ɗauke ta dungurungum."

Na lallaɓa tsohuwar har ta kunnu, na kafa mata fanka. Na yi ta tono sai da na gano foldar a ɓoye. Na kwafe ta a filashi ina ta salati kada ta mutu a hanya. Na rufe manhajar a sabuwar, na zuba foldar a gurbinta, na sake buɗewa.

Ngozi, komai ya dawo. Masu sayen turarena, sa hannuna na ƙasan wasiƙa, har akwatin da kika raɗa wa suna "Masu Surutu". Can ƙasa kuma ga saƙonki na farko: "Gwaji ne. In kin gani, ki kawo min ɗanwake." Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Nan take na rubuta miki. Yau kwana biyu, saƙon bai dawo min ba, ke nan adireshin yana raye. Ko girki nake, sai na goge hannu na je na leƙa ko kin amsa.

Allah Ya tsare min ke, Ya raya su Chidi, Ya sa ki buɗe akwatinki.

Taki har kullum,
Falmata, daga Fagge