Na Karrama Baƙo, Ya Rubuta Cewa Lafiyata Ƙalau

Malama Pyo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle kuma lokaci yana neman ƙure mini. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Wannan ma da yatsa ɗaya nake danna shi a waya, ina yi ina hutawa, saboda haka ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Na haura shekara hamsin, ina zaune a birnin Mokpo ni kaɗai tun rasuwar maigidana. Ƙuruciyata duka a masana'antar gasa ganyen teku na ƙarar da ita, har amosanin gaɓɓai ya kama ni. Ciwon nan ba ya sallama kafin ya shigo. Wata rana in tashi garau kamar ba ni ba, in yi wanki, in je kasuwar kifi. Wata ranar kuwa sai hantsi ya dubi ludayi ban iya ɓalle maɓallin rigata ba, murfin kwalba ma sai na kai wa maƙwabciya ta buɗe mini. Da fashina ya yi yawa, shugaban aikinmu ya kira ni, ya yi ta yabon shekarun da na yi, ya sunkuya na sunkuya, shi ke nan aka sallame ni.

Na nemi aiki, Malama, wallahi na nema. A ofishin neman aiki har mai gadi ya san ni, yana tambayata jiki. Duk inda aka tura ni, da zarar na ce ina zuwa asibiti karɓar allura duk wata, sai fuska ta canza, a ce in je za a kira ni. Wani mai gidan abinci ma bai ɓoye ba, ya dubi yatsuna da suka karkace ya ce, "Iya, nan fa ba asibiti ba ne." Da ɗan abin da na ajiye ya ƙare, na danne kunya na nemi tallafin hukuma, wanda shi ne yake ɗauke mini nauyin allurar.

Sai aka ce jami'i zai zo gida ya duba ko ina iya aiki. To, ke ma kin san yadda aka rene mu. Ta ina zan bar baƙo, baƙon ma na hukuma, ya shigo ya tarar da kwanuka a jibge? Na sha maganin kashe zafi fiye da ƙa'ida, na goge ƙasan ɗaki a kan gwiwoyina yadda uwata ta koya mini, na rina furfurata, na shafa hoda. Da ya zo, ashe saurayi ne mai ladabi, wai shi Malam Byeon, a haife na haife shi. Na durƙusa na zuba masa shayin sha'ir da hannu biyu, na feraye masa tuffa, ɓawon ya sauko a zare ɗaya bai tsinke ba, har ya yaba. Ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi, kada ya damu. To me zan ce wa baƙo? In zauna ina masa raki? Da zai tafi na raka shi har ƙasan bene, na tsaya ina sunkuyawa har ya sha kwana. Bai ga yadda na koma sama da rarrafe ba, bai kuma ga kwanakin da na yi a kwance bayan nan ba, ruwa ma sai an riƙe mini kofi.

Sakamako ya fito, wai ina da ƙarfin aiki. Aka tura ni ɗakin girkin da ake dafa wa tsofaffi abinci, wankin tukwane tun da sassafe, a tsaye, hannu cikin ruwa, daidai lokacin da gaɓɓaina suka fi sandarewa. Na je, na yi fashi, na koma, na sake fashi. Yanzu an gargaɗe ni cewa idan na ƙara, za a ɗauka aikin na ƙi, a yanke tallafin, allurar kuma ta tafi tare da shi. Masu ɗaukar aiki sun ce na cika ciwo, hukuma ta ce na cika lafiya. Gaba kura, baya sayaki.

Na ɗaukaka ƙara, an sa ranar sake dubawa a ƙarshen watan nan. Maƙwabciyata Yaya Mal-sun, wadda take buɗe mini kwalaben, kamar ta dake ni don haushi. Ta ce, "Ke wace irin sakarya ce? Mutum ya zo ganin mara lafiya, kin fito masa a amarya! Wannan karon ga sandar marigayi mijina, ki dogara ta, kada ki taje kai, ki yi ta nishi tun daga bakin ƙofa. Ya miƙo miki biro, ki sake shi ya faɗi." Na yi dariya, amma tana fita na fashe da kuka. Ni ban taɓa dogara sanda ba, ƙafafuna sun fi hannuwana dama-dama. Idan ranar ta zo mini da sauƙi fa, in yi ƙarya ke nan? Idan kuma na ƙi, na sake fitowa lafiyayya aka yanke allurata, hannuwan nan sun gama naƙasa. Ina jin haushin yaron nan Malam Byeon, ina jin haushin kaina, ga wata kunya da ban san ta mece ce ba. In karɓi sandar, Malama?

Mai Karkatattun Yatsu, Mokpo

Ƙanwata, sannu da jiki, sannu kuma da wahalar rubutun nan. Ki bar wa Yaya Mal-sun sandarta, amma ita kanta ki riƙe ta gam.

An zalunce ki, wannan ba sai an yi dogon bincike ba. Ciwon da yake zuwa yana lafawa ba a auna shi da ziyarar ɗan lokaci, kuma duk tsarin da ya tura mai amosanin gaɓɓai wankin tukwane da sassafe bai yi tunani ba. Sai dai a yi wa Malam Byeon adalci, abin da ya gani ya rubuta. Kuskurensa shi ne bai tambaye ki yadda safiyarki take ba. Naki kuwa, kin ɓoye ciwo ga wanda aka aiko musamman ya gan shi. Tarbiyyarki ba laifi ba ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Sandar za ta cuce ki. Takardun asibiti sun ce hannuwanki ne matsalar, da zarar an ga kin ƙara gishiri a abu ɗaya, gaskiyarki duka ta zama abin zargi. Ba ki ma buƙatarta, abin da kike fama da shi ya isa hujja, ba a dai nuna shi ba ne.

Ki fara komawa wurin likitanki. Ina kyautata zaton shi ma "da sauƙi" kike ce masa. Ki faɗa masa komai, har da maganin da kika sha fiye da ƙa'ida, kada kuma ki sake yin wannan gangancin. Ki roƙe shi kada ya tsaya a kan sunan ciwon, ya rubuta yadda kike sandarewa da safe da irin aikin da zai ƙara illata ki. Duk safiyar da hannuwan suka kumbura, Yaya Mal-sun ta ɗauke su hoto. Shugabar ɗakin girkin ma ta ga ranakun da tukunya ta gagare ki, ki nemi ta shaida, domin fashin da ake miki barazana da shi hujjarki ne. Ki kuma nemi ƙungiyar masu irin ciwonki ko masu ba da shawarar shari'a kyauta, su taya ki roƙon kada a taɓa tallafin sai an gama sauraron ƙarar.

Ki nemi a sa ziyarar da safe, ki bar ɗakin yadda yake. Yaya Mal-sun ta karɓi baƙon, ta zauna a gefenki, bakin nan nata da ba shi da linzami ranar zai yi amfani. Idan kin tashi da sauƙi, ki ce yau da sauƙi, sannan ki ba da labarin ranakun da ba sauƙin, dalla-dalla. Kada ki ce ba kya iya komai, tunda ba haka ba ne. Ki faɗi aikin da za ki iya, na zaune, da rana, a wuri mai ɗumi, ki ce shi kike nema.

Ba zan yi miki alkawarin za su gyara ba, na ga inda aka gyara, na ga inda sai da aka sake komawa. Amma abu guda nake roƙonki, kuma na san ya fi duk sauran wuya ga mace irinmu. Idan kuka ya taho miki a gabansu, ki bar shi ya zo, kada kuma ki ba su haƙuri a kansa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a saurare ki.

Pyo Gyeong-ae