Hannun Maigidana Ya Koma Launin Gauta

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Asibitin Zuciya na Bukit Lenggang, Perak.

Daga:
Salbiah binti Jusoh,
Rumfar Roti ta Bakin Tasha, Taiping.

14 ga Janairu, 2025

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANNUN DAMA NA MAT ROZI BIN DERAMAN

Bayan gaisuwa mai yawa, ina rubuta wannan a madadin maigidana, tunda hannun da zai rubuta da shi ne ake ƙorafi a kansa.

1. A ranar 2 ga Disamba aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa a asibitinku, ta hanyar zura siririn bututu a wuyan hannu. Ya roƙi a bi ta hagu, domin da dama yake murza kwaɓin roti, wato gurasar da muke soyawa muna sayarwa, tun yana saurayi. Aka ce masa na'ura a dama take. Ban san na'urar tana da iyali da take ciyarwa ba, da ba mu yi magana ba.

2. Bayan an zare bututun, an toshe jijiyar da wata roba mai iska da aka ɗaura masa a wuyan hannu, aka hura ta kamar tayar babur. Yatsunsa suka kumbura, suka yi launin baƙin gauta. Mutumin da man suya ya sha ƙona shi bai ce uffan ba, ranar na ga hawayensa. Na kira nas. Ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Pakcik," wato kawu, "ɗan rashin daɗi ne kawai." Ina yaba wa kaifin idonta, da ya gano haka ba ta taka cikin ɗakin ba.

3. Da muka koma ranar 19 ga Disamba saboda yatsu uku ba sa ji, likita ya taya mu murna cewa zuciyar lafiya lau take. Mun gode. Hannun kuwa, ya ce ba sashensa ba ne, mu dawo a watan Afrilu. Ashe a asibitinku mutum kashi-kashi ne, kowa da yankinsa kamar a mahauta.

4. Yanzu Abang, kamar yadda nake kiran maigidana, yana zaune a bayan rumfa, hannu a cinya, yana kallon ina yaga kwaɓin da shi yake shimfiɗawa kamar mayafi. Jiya kofin shayi ya suɓuce masa a gaban masu ciniki. Ya tashi ya tafi gida, bai ci abinci ba.

Don haka ina roƙon mai girma ya sa likitan jijiya ya duba shi cikin wannan wata, kuma a umarci ma'aikata su riƙa sassauta robar idan majiyyaci ya koka. Idan akwai shakka a kan maganata, a ɗaura wa wanda ya hura ta irinta daga safe zuwa azahar. Ni zan tsaya a ƙofa in tambaye shi lafiya.

Ina mai ladabi da biyayya, da fatan Allah ya kiyaye hannuwanka biyu.

Taka mai ƙanƙan da kai,
Salbiah binti Jusoh