Takardar Baba Tana Hannun Kwamiti

Kawu Salisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina gajiya, yaya ƙafar taka? Yaya Gwaggo Rabi da yara, yaya mutanen Kandi? Nan Zongo kowa lafiya, ni ne dai ba na cikin hayyacina.

Mako biyu da suka wuce aka yi taron karanta waƙoƙi a jami'a. Na ɗauko waƙar marigayi Baba ta ajami daga akwatin Inna, ba da saninta ba, don su ga mu ma muna da adabi. Doka ce kowa ya fara da kirarin juyin juya hali. Kawu, ina buɗe takardar sai bakina ya ja bisimilla da salati, yadda Baba yake yi. Ban kai baiti na uku ba wani kamarad, ɗan kwamitin juyin juya hali, ya fizge ta. Ya jujjuya ta, ya ce tunda shi bai iya karanta wannan ba, sai an bincika.

Jiya aka yi taron raba wa irinmu masu difilom, shaidar gama karatu, wuraren aiki, ba a kira sunana ba. Sau huɗu ina zuwa biro ɗin kwamitin, wato ofishinsu, neman takardar, ana ce mini in dawo.

Don girman Allah ka rubuta wa abokin nan naka na ma'aikatar ilimi yau ɗin nan, ya sa baki a dawo mini da takardar. Ka sa ni a addu'a, ka gaishe mini da kowa. Aikin in zai tafi ya tafi. Amma rubutun hannun Baba shi ke nan ya rage mana, kuma ka san Inna tana buɗe akwatin duk Juma'a. Juma'a biyu ke nan ina ce mata makulli ya ɓace.

Ɗanka,
Habibu